Mermaid Forest: tsofaffin fina-finan ko silsilar 2003?

Ɗan'uwa, tsakanin tsofaffin fina-finan biyu da silsilar talabijin ta 2003 na katun ɗin Japan ɗin nan Mermaid Forest, da ka tambaya wanne ya fi, ɗauki tsofaffin. Duka suna cikin kwamfutata, amma tsofaffin nake komawa na kalla.

Tushensu ɗaya ne, littafin zane na Rumiko Takahashi, matar da ta yi littattafan zanen Ranma da Inuyasha, wanda ya riƙa fita jefi-jefi daga 1984 zuwa 1994. Ta gina shi a kan wani tsohon camfin Japanawa cewa duk wanda ya ci naman 'yar ruwa, wato halittar nan rabi mutum rabi kifi, ba zai tsufa ba kuma ba zai mutu ba. Har yau a garin Obama da ke lardin Fukui ana ba da labarin Yao Bikuni, matar da aka ce ta ci naman ta rayu shekara 800. Takahashi ta ƙara masa dafi: yawancin masu ci ko su mutu nan take, ko su rikiɗe su zama dodo marar hankali. Jarumin labarin, Yuta, masunci ne da ya ci tare da abokan sana'arsa shekara 500 da suka wuce, shi kaɗai ya tsira. Ya yi aure, matar ta tsufa ta rasu a gabansa yana nan saurayi. Tun daga nan yake yawon neman hanyar da zai koma mutum mai tsufa kamar kowa, har ya haɗu da Mana, yarinyar da 'yan ruwa suka rena don su cinye.

Tsofaffin su ne Mermaid Forest na 1991 da Mermaid's Scar na 1993, kowanne bai kai awa ɗaya ba. Zanen hannu ne, kalolin masu duhu, kuma ba sa gaggawa. Na 1993, wanda kamfanin Madhouse ya yi, shi ne ya kama ni. Wani dare aka ɗauke wuta, na kunna mana ni da ƙanena a kwamfuta, shi da yake cewa katun na yara ne. Ya fara da surutu da dariya. Da aka zo wurin da aka gane Masato, ɗan yaron nan mai fuskar tausayi, ya shekara 800 a duniya yana ciyar da mata naman don ya samu uwar da ba za ta mutu ta bar shi ba, sai ƙanen nawa ya yi tsit. Bayan an gama ya ce mini abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ya kasa tsanar yaron. Ni ma abin da ya riƙe ni ke nan. Yaron ya ga matan da ya ba naman suna zama dodanni, ya daina jin komai, amma har yanzu uwa yake nema. Na 1991 kuma labarin tagwaye ne, Towa da Sawa, da ƙiyayyar da ta daɗe tana cin su tun da ɗaya ta shayar da 'yar'uwarta jinin 'yar ruwa tana kwance ba lafiya.

Silsilar 2003 ta kamfanin TMS tana da kashi 13, ta kuma fi kawo labaran littafin da yawa, wannan kam ba zan hana ta ba. Amma kalolin sun yi haske da santsi, an rage jinin, tsoron ya tsinke kamar miyar da aka cika wa ruwa. Kuɗin da na ba da aka tura mini ita har yau ina jin su.

Sannan ka yi hattara da wasu masu tura fina-finai a waya da filasha. Kashi 11 kawai aka nuna a talabijin a Japan, biyun ƙarshe a faifai suka fito, kuma su ne labarin Masato. Sau da yawa 11 ɗin za a zuba maka a ce cikakke ne. Wani zai yanko kashi biyu daga silsilar ya sa musu sunan fim ɗin 1993. Ka sa a buɗe a gabanka kafin ka biya, ka duba zanen, ka tabbatar rubutun fassara yana tafiya daidai da magana. Wanda ya ce sai ka fara tura kuɗi ta intanet kafin ka ga ko da minti ɗaya, rabu da shi.

Ka fara da na 1991 don ka saba da Yuta da Mana, ka bi da na 1993. Kuma kada ka kunna a falo yara na zaune, akwai jini da yanka da ɗan tsiraici a ciki.