Enter the Dragon: wanne bugu ya kamata ka sa kuɗinka a kai?

Duk wanda ya taso da finafinan Chanis ya san wannan fim ɗin na Bruce Lee, wanda ya fito a 1973 makonni kaɗan bayan rasuwarsa ranar 20 ga Yuli. Toh kamfanin Warner duk sanda fim ɗin ya cika wasu shekaru sai su sake bugo shi a faifai, shi ya sa idan ka shiga nema za ka ga kala-kala har kanka ya ɗaure.

Ni dai ba ɓoye-ɓoye, na cikar shekara 50 da ya fito a 2023 shi ne nawa. Faifan 4K ne, wato irin wanda hotonsa ya fi na Blu-ray fita, kuma abin da ya saye ni shi ne sun haɗa fim ɗin iri biyu a ciki, akwai yadda aka haska shi a sinima tun farko, akwai kuma mai ƙarin wajen minti uku inda Lee yake zantawa da malaminsa na Shaolin kafin tafiya tsibirin Han, wato bos ɗin fim ɗin. Ka zaɓi wanda ranka yake so. Hoton kuwa, je ka faɗan ƙarshe a ɗakin madubai, yakushin da bos ya yi masa a ƙirji da fuska za ka gan shi raɗau har da zufa, ga kiɗan Lalo Schifrin yana dukan sifika yadda ya kamata. Har wurin da Jackie Chan ya fito yana ƙaramin ɗan wasa aka damƙe masa gashi, a nan na fara gane fuskarsa sosai. Sannan faifan 4K babu ruwansa da kullen yanki, ko daga Amurka aka kawo maka zai yi. Sai dai ka tabbata kana da na'urar da ke karanta shi, PS5 mai cin faifai tana yi, PS4 ba ta yi, kar ka saya ka zo kana zagin mutane.

Na shekara 40 na 2013 Blu-ray ne, yana da tarkacen hirarraki da katuna a kwali, in kai mai tara kaya ne bismilla. DVD na shekara 25 na 1998 kuwa a babbar talabijin ta yanzu dishi-dishi kawai za ka gani, bar shi.

Yanzu ga inda na fi so ku saurare ni, jabu. Wallahi an taɓa yi min, wani mai sayarwa a intanet ya turo min hoton kwali mai kyau an rubuta 4K ɓaro-ɓaro, farashi rabin na kasuwa, ni kuma kwaɗayi ya ja ni na tura kuɗi. Da kaya suka iso na juya bayan faifan sai na ga launinsa ya yi duhu-duhu, irin wanda ake ƙonawa a kwamfuta, takardar kwalin ma ka san firinta ce ta gida don tawada ta ɗan zuba a gefen sunan fim ɗin. Na kira lamba, a kashe. Orijinal bayansa azurfa ne yana sheƙi, kuma kusa da ramin tsakiya akwai ƙananan rubutu da lambar IFPI da masana'anta ke bugawa, sai ka karkata shi a haske za ka gani. Faifan 4K na gaske yawanci yana ɗaukar gig 66 ko 100, su kuma 'yan damfara matse fim suke yi su cusa a na gig 25. Kar leda ta ruɗe ka, kowa na iya naɗe kwali a leda. Ka ce a ɗauko maka bidiyon bayan faifan da rana kafin ka tura ko sisi, idan ya fara cewa ai a rufe yake ba zai buɗe ba, ka ce to sai kaya sun zo hannu za ka biya.