Telikomandi ya ƙi rage murya: wanne za ka saya, wanne za ka bar wa mai shago

Wata uku muka yi a gidana da telikomandi biyu a kan tabarma, ɗaya na sandar intanet da ke maƙale a bayan tele, ɗaya na telen kanta. Na farkon yana buɗe YouTube, yana canza fim, amma in an kira isha'i aka ce a rage murya, sai ka danna har yatsa ya yi zafi, ko gezau. Na biyun kuma kullum yara sun san inda suka cusa shi. Abin da ya kai ni kasuwa ke nan, kuma sau biyu na je, don zuwan farko kuɗina kawai na kai.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne telikomandin sandar harshe biyu gare shi. Da sanda yana magana ta Bluetooth, shi ya sa ko ka juya mata baya tana ji. Da tele kuwa sai ta hasken infrared, wanda ido ba ya gani, yake fita daga ɗan ƙwai a goshinsa, kuma dole ya fuskanci telen. Haka na Fire TV Stick yake, haka na Chromecast mai Google TV da ya fito a 2020. A irin waɗannan, murya ta tele ce, ba ta sanda ba. To in komai na aiki ban da murya, harshen na biyu ne ya ɗaure.

Kafin ka fid da ko dala, gwada abu uku. Buɗe kamarar wayarka, nuna mata goshin telikomandin, danna ƙarin murya: in ka ga haske ja-ja ko shuɗi-shuɗi yana ƙyaftawa, ƙwan na da rai. Wasu wayoyi kamarar baya na tace hasken, sai ka gwada ta gaba. Sannan canza pil, domin mai rauni kan iya riƙe Bluetooth amma ya kasa jefa haske daga kujera zuwa tele. Na uku, shiga saitin sandar, wurin da ake gaya mata sunan telenka, ka sake zaɓa. Can za ta yi ta gwada lambobi tana tambayarka ko murya ta motsa. Goge ƙurar hunturu daga idon telen ma, ka kau da kwalbar turaren da uwargida ta ajiye a gabansa.

A wurin zaɓen sunan nan ne mu mutanen Yamai muke faɗuwa. Mai Samsung ko LG ko Sony zai samu sunansa nan take. Amma telen da yawancinmu ke iya saya, sunanta ba ya cikin kowane jeri. Wata ma sunan da ke goshinta daban, kayan cikinta na wani kamfani daban. Irin tawa ke nan.

Masu ilimin abin za su ce maka ka kunna HDMI-CEC, wato saitin da ke ba sanda damar sarrafa tele ta ramin HDMI da take ciki, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG ke kira SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Kunna, kyauta ne, zai kashe tele ya kunna ta. Amma murya ta wannan hanya ta fi tafiya da wanda ya haɗa lasifika ta daban ta HDMI. Lasifikar cikin tele sau da yawa ba ta amsawa. Manhajar waya kuwa, ko wayar Redmi mai ƙwan infrared a ka, tana aiki har ranar da ka fita da wayarka ka bar gida shiru. Telikomandin gama-gari mai ɗan littafin lambobi, matsalar jeri ce dai ta sake dawowa.

Wanda na tsaya a kansa shi ne telikomandi mai koyo. Bai damu da sunan telenka ba, bai da jeri, kwaikwayo yake yi kamar aku. Ka riƙe maɓallin SET har fitila ta tsaya cak, ka danna maɓallin da kake son koya masa, ka kawo tsohon telikomandin tele goshi da goshi, tazarar yatsa biyu, ka danna ƙarin murya. Fitila ta ƙyafta, ya haddace. Haka za ka yi wa ragewa da kashewa. Ban yi minti biyar ba. Abin dariya ma, yawancin akwatunan Android masu araha irin su X96 da irin wannan suke zuwa: ƴan maɓallan nan da aka zagaye a sama aka rubuta TV, aikinsu ke nan, amma mutane na shekara da su ba su taɓa ba. In irin akwatin gare ka, wataƙila ba abin da za ka saya.

Yana da sharaɗi, ba zan ɓoye ba. Sai tsohon telikomandin tele yana da rai, ko ka aro na maƙwabci mai irin telenka. Kuma irin wanda ke haɗa sanda da tele a hannu ɗaya yana zuwa da ɗan abin da ake sokawa a ramin USB, ga shi Fire TV Stick ba ta da wannan rami sai ka ƙara wayar OTG, ƴar igiyar da ke ba ta ramin. Akwati kam yana da shi.

Yanzu maganar da ta ƙone ni. Zuwana na farko, wani mai tebur ya miƙo mini telikomandi cikin kwali mai sheƙi, kamarsa ɗaya da na asali. Na ce, “Malam, yana rage muryar tele?” Ya ce, “Haba Alhaji, ga maɓallin nan kana gani da idonka.” Na biya jika shida. A gida ya haɗu da sanda lafiya lau, murya kuwa babu. Da na kai wa wani yaro mai gyara ya buɗe, sai ga gurbin ƙwan fayau, ba a ma sa shi ba. Na koma, mai tebur ya ce telena ce ba ta da kyau.

Don haka kada maɓalli ya ruɗe ka, kada kwali ya ruɗe ka. Ko Babbar Kasuwa ka je, ko Wadata, ko Katako, tafi da pil ɗinka biyu, ƙananan nan AAA, da wayarka. Mai koyo da na gama-gari suna nuna haskensu a kamara nan take. Na sanda kuwa wani sai an haɗa shi an saita kafin ya fitar, saboda haka ku yi magana a gaban shaida cewa in bai yi ba za ka dawo da shi. Wanda ya ce kar a yage leda, bar masa kayansa. Ɗauki abin a hannu: na jabu ba nauyi, murfin pil na karkarwa, rubutun maɓalli na gogewa da farce.

Akwai kuma wanda ba jabu ba ne amma ba zai yi maka ba. Fire TV Stick Lite ta 2020 telikomandinta ba shi da maɓallin murya sam. Na Mi TV Stick yana da maɓallin amma ba infrared, muryar sandar yake ragewa, ba ta tele ba. In muryar telen na ƙasa, ko ka kai shi ƙarshe ba za ka ji ba, kuma in saitin sautin sandar na kan Dolby yana iya ƙin motsi sai ka mai da shi zaɓin da aka rubuta PCM. Ita sandar ma ana kwaikwayonta, a rubuta 4K da manyan lambobi a kwali, ciki kuwa tsohon kaya ne mai nawa.

Pil ɗin da ake haɗo maka da shi kyauta, cire shi da ka isa gida. Zafin watan Afrilu kan sa irinsa ya yi yoyo, ruwan ya cinye ƙarafan ciki. Haka tsohon telikomandin telena ya mutu, sati biyu bayan sabon ya gama koyo daga wurinsa.