Birkin da ya ƙi saki, da abin da na gani a Holan

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tun da na zo Holan keke ne ƙafata, kuma ƙasa ce da kekuna suka fi mutane yawa. A sanyin da ya wuce birkin baya ya soma ba ni wahala. In na matse ya kama, in na saki sai hannun birkin ya ƙi komawa, robar birki tana ta gurzar rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, ina tuƙi kamar an ɗaura min buhu a baya.

Na kai shagon gyara. Ba a duba maka nan take a nan. Rana aka ba ni, aka rubuta takarda, na bar keken. Da na koma sun canza wayar birkin da bututun da take ciki gaba ɗaya, aiki tsaf. Sai dai babu wanda ya nuna min inda ciwon yake. Kuɗin aikin hannu ya fi kuɗin kayan yawa, shi ya sa canzawa ta fi musu sauƙi a kan bincike. A nan ne na yi kewar mai gyara na gida, wanda zai tsuguna kana tsaye a kansa, ya taɓa nan ya taɓa can, ka tafi da keke ka kuma tafi da ilimi.

Da birkin gaba ya fara irin wannan halin, ni na zauna da shi. Na sa alanki mai lamba 5 na kwance wayar daga jikin birkin, sai abin ya rabu uku: hannun birki, waya, da ƙarafan da ke riƙe da roba. Na matse ƙarafan da yatsuna na saki, suka dawo da ƙarfinsu, ke nan sifirin ɗin da ke mayar da su lafiya yake. Hannun ma yana motsi sumul. Da na ja wayar sai na ji tana ƙas-ƙas. Na zaro ta, ga tsatsa ja a daidai lanƙwasa, ga sili biyu sun tsinke suna kartar cikin bututun. Ruwan sama ne ke shiga ya kwanta a can, gishirin da ake watsawa a titi saboda ƙanƙara ya ƙarasa aikin. In sanyi ya tsananta ruwan kan daskare a ciki, birki ya ƙame da safe, ya saki da rana.

Da a ce ƙarafan ne suka ƙi dawowa, sai a cire su, a goge sandar da suke juyawa a kai, a shafa giris kaɗan. A kuma duba robar, don in ta cinye takan yi leɓe a ƙasa wanda ke maƙalewa a ƙarƙashin rim. Mai kuwa ko ɗigo kada ya taɓa roba ko rim.

Wajen kaya dole in yaba wa mutanen Holan. Akwai wayar ƙarfen da ba ya tsatsa, akwai bututu mai shimfiɗar roba a ciki wadda waya ke zamewa a kanta, kuma girman kowanne a rubuce yake: wayar birki milimita 1.6, bututunta milimita 5. Bututun wayar canza giya ya fi siriri, yawanci milimita 4, kuma ƙirarsa daban. Ina roƙonku kada a sa shi a birki don an ga ya shiga, yana iya fashewa lokacin da aka matse da ƙarfi. Wayar da ta fara tsinkewa ma, a nan ina bayan mutanen Holan: mai zai lallaɓa ta kwana biyu ne kawai, canza ta za a yi.

Da yawa daga kekunansu na yau da kullum ba su da waya sam, feda ake mayarwa baya keke ya tsaya, ruwa ba ya samun hanyar shiga. Nawa dai mai waya ne, yanzu kuma a ƙarƙashin rumfa yake kwana.