Gargaɗi ga masu neman tsohuwar Marsandi SL daga waje: kada ku tura kafin alƙalami a kan hoto

Jama'a, assalamu alaikum. A yi hattara da wani irin talla da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp na masu harkar mota. Marsandi ce 560SL, irin mai ƙofa biyu da ake cire wa rufi, ta shekarun 1986 zuwa 1989. Yau za ka gan ta ja wur, gobe fara tas, kujerun fata suna sheƙi, an ɗauke ta hoto a ƙofar wani gida a Amurka, an kuma sa mata kuɗin da bai kai rabin abin da irinta ke yi a kasuwa ba. Wani lokaci Porsche 911 ce, ko Ford Mustang ta 1966, amma waƙar ɗaya ce.

Da ka yi magana, amsa za ta zo da ladabi. Mai motar soja ne, za a tura shi aiki wata ƙasa cikin mako guda. Ko kuma mace ce mijinta ya rasu, ganin motar yana tayar mata da hankali, so take kawai ta rabu da ita. Ka ce kana so ɗan uwanka da ke can ya je ya gani, sai a ce ai motar ta riga ta shiga hannun kamfanin jigila, tana kulle a sito, ba a barin kowa ya shiga. Amma kada ka damu, in ji su: akwai kamfanin da zai riƙe kuɗinka amana, a kawo maka mota ka gwada ta kwana biyar, idan ba ta yi maka ba a mayar maka da kuɗinka. Za a turo maka rasit mai tambarin eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, da shafin intanet na kamfanin jigilar, har da lambar bin sawun kaya. Duk su suka ƙirƙira. Babu mota, babu sito, babu soja.

Wannan ba sabon salo ba ne. A 2019 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta bayyana tuhumar mutum 20 a kan irin wannan damfara, gungun da cibiyarsa ke garin Alexandria na ƙasar Romaniya. Suna sa tallan motocin da babu su a eBay da shafin tallace-tallace na Craigslist, suna fakewa da labarin sojan da zai bar gari, suna tura rasit na bogi, kuɗin kuma su juya shi zuwa bitcoin ya ɓace. Amurkawa aka cuta, mutanen da ke ƙasa ɗaya da wurin da aka ce motar take. To ina ga wanda ke zaune a Kano ko Maraɗi, teku a tsakani?

Abin da ke sa mutanenmu faɗawa shi ne sabo. Mun saba sayen tokunbo a kan hoto: wakili ya turo hotuna daga wurin gwanjo, a biya, bayan wata biyu ko uku kwantena ta sauka a Legas ko Kwatano. Sai mutum ya ɗauka wannan ma haka take. Sannan tallan ba ya zuwa daga baƙo, daga dillalin da ka sani yake zuwa, shi ma wani ya turo masa, wancan ma wani. Ka tambaye shi ko ya ga motar, ya ce, "Haba Alhaji, yarona ne a can, ba matsala." Ka matsa ka ji ko yaron ya taɓa ta da hannunsa, sai magana ta fara kwana-kwana. Ban ce dillalin ɓarawo ba ne, sau da yawa shi ma an rufe shi ne. Amma la'adarsa tana kan a yi ciniki, ba kan a fasa ba, don haka ba shi ne zai duba maka mota ba.

Kafin ka kashe ko sisi, akwai binciken da za ka yi daga kan tabarmarka. Ɗauki hoton ka sa a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Mafi yawan hotunan nan sato su ake yi daga shafukan gwanjo irin Bring a Trailer, inda motar da aka sayar shekarun baya take nan da hotunanta da lambarta da kuɗin da aka saye ta. Sai ka nemi lambar casis, wato VIN. Tun daga 1981 motocin kasuwar Amurka lambarsu harafi da alƙalami 17 ce, kuma babu I, babu O, babu Q a ciki. Ta 560SL tana farawa da WDBBA48D, harafi na goma kuma shi ke faɗin shekara: G 1986, H 1987, J 1988, K 1989. Idan an ce maka ta 1989 ce ka ga G, ka san da wanda kake magana. Rubuta lambar gaba ɗaya a Google, za ka sha mamakin inda za ta ɓullo. Shafin kamfanin riƙon amanar ma ana iya duba ranar da aka yi masa rajista. Kamfanin da ke cewa ya shekara ashirin yana aiki amma shafinsa watansa biyu, ba sai an yi maka fassara ba. Duk wanda ya ce a biya kuɗin mota da katin kyauta ko kirifto, ko a tura asusun wani mutum daban da sunan da ke kan takardar motar, rufe wayarka kawai.

Batun gaggawa kuma, wai wasu mutum uku na jira, ka sani motar nan ba ƙaho gare ta ba. Marsandi ta ƙera wannan samfurin, R107, daga 1971 har 1989, sama da guda dubu 237, a ciki 560SL kaɗai ta kai kusan dubu 49. Idan wannan ta wuce, akwai wata gobe.

Wannan ke nan game da motar da babu ita. Wadda ta fi wuyar ganewa ita ce motar da take nan da gaske, mai ita zai ma kira ka ta bidiyo ya zagaya da kai, amma an yi mata kwalliyar rufa-rufa. A nan babu wata dabara sai hannu da ido. Mutumin da kai ka zaɓa, kai ka biya, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, shi zai je. A Amurka da Turai akwai masu wannan sana'a ta duba tsofaffin motoci, 'yan ɗaruruwan dala suke karɓa su ɗaga motar sama su rubuta maka rahoto da hotuna. Mai sayarwar da ya ƙi yarda da wannan, ko ya ce sai dai bakaniken da shi zai kawo, ya riga ya ba ka amsa.

Tsatsa ita ce ajalin waɗannan motoci, ba inji ba. Mu nan ba mu san ta sosai ba saboda ƙasarmu busasshiya ce, amma a jihohin arewacin Amurka gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin nan cin ƙarfe yake daga ƙasa. A R107 wurin da ya fi muni shi ne bangon da ya raba ɗakin inji da cikin mota, ƙarƙashin gilashin gaba. Akwai wani murfi a wurin da ke rufe fankar hita. A kwance shi a haska tocila. Ruwan sama na taruwa a nan idan magudanan sun toshe da ganye, ya ci ƙarfen ya riƙa zuba a ƙafar direba, kuma gyaransa sai an fitar da dashbod gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ce wa mai dubawa ya ɗaga kafet ya sa tafin hannu a kan soson da ke ƙasa: idan da danshi, ko warin rima ya bugi hancinsa, ko ya ga sabon kafet a motar da komai nata tsoho ne, akwai magana. Ya duba ƙasan ƙofofi, wurin da ake kafa jak, ramin safaya taya a but. A sauke rufin ƙarfen nan a buɗe na tamfol da ke naɗe a baya, don akwai motar da ta shekara goma ba a buɗe shi ba, ya ruɓe a ciki, ramin da yake kwanciya ma ya yi tsatsa. Ƙasan mota da aka fesa wa baƙin kwalta sabo fil ana gab da sayarwa, ni dai ban taɓa ɗaukarsa alamar kulawa ba.

Sai fenti. Mayen ƙarfe ƙarami, a naɗe shi a ƙyalle kada ya karce jiki, a bi da shi gefen tayoyi da ƙasan ƙofa. Inda ƙarfe ne zai kama, inda fanel-bita ya cika rami da fila, wato ƙullin cike lotsawa, zai sake. Masu sana'ar suna da na'urar auna kaurin fenti da ta fi wannan, amma mayen ƙarfe ma yana tona asiri. A dai lura, wasu motocin bonet ɗinsu na alminiyam ne, Chevrolet Corvette kuwa jikinta ba ƙarfe ba ne, don haka rashin kamawa a can ba laifi ba ne. A duba robar gilashi da bakin fitilu ko fenti ya taɓa su, a duba tazarar ƙofa da bonet ko ta dama ta yi daidai da ta hagu.

Inji a same shi da sanyi. A gaya wa mai mota tun jiya kada ya tayar, mai dubawa ya taɓa injin da hannu kafin a murɗa makulli. Injin V8 na 560SL yana da sarƙar taimin da ke gudu a kan wasu robobi; idan sun tsufa sukan bushe su karye, sarƙa ta yi tsalle, bawul ya haɗu da fistin, aiki ya zama babba. Ƙarar kacau-kacau ta daƙiƙa biyu ko uku a tayarwar farko alama ce, kuma da inji ya ɗumama ba za ka ƙara jin ta ba, shi ya sa mai wayo yake ɗumama shi kafin ka iso. A nemi rasit na ranar da aka canja su. Yayarta 380SL ta Amurka ta 1981 zuwa 1983 ma da sarƙa mai layi ɗaya ta fito, a tambaya ko an mayar da ita mai layi biyu. Shuɗin hayaƙi a salansa, ko baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara a murfinsa, wannan kowane bakanike ya san ma'anarsa.

Kada mitar tafiya ta ruɗe ka. A waɗannan motoci akwai ɗan haƙorin roba a cikin mitar da ke farfashewa, allurar gudu na aiki amma lissafin tafiya ya tsaya cak, mota ta yi shekaru tana yawo a haka. Tsofaffin da suka girme ta kuma da yawa mitarsu alƙalami biyar ce, tana kaiwa 99,999 ta koma sifili. Robar feda, gefen kujerar direba da sitiyari sun fi mita faɗin gaskiya, sai kuma tarin rasit na gyara da ke nuna lissafin yana hawa shekara bayan shekara.

Takardu su ne ƙarshen tarko. Lambar da ke kan takardar mallaka, da ta ƙaramin faranti a gilashin gaba, da ta jikin ƙofa, da wadda aka buga a ƙarfen motar, dole su zama ɗaya, kuma a duba ko an taɓa ƙusoshin farantin ko an yi walda kewaye da lambar. Kada ka ce wa zai yi wannan wahala. A 2023 'yan sanda a Jamus sun kai samame wani sanannen wurin gyaran Marsandi 300 SL kusa da Stuttgart, bisa zargin ana ƙera motoci a manna musu lambar wasu da ke nan a duniya, mota biyu lamba ɗaya. Masu sayen irin waɗannan attajirai ne da ke da lauyoyi da ƙwararru. Marsandi tana da katin bayanin kowace mota yadda ta fito daga masana'anta, da lambar inji da kalar fenti, Jaguar da Porsche ma suna ba da irin wannan shaida. A nema a gwada. Rahoton Carfax, kamfanin da ke tara tarihin motoci a Amurka, yana taimakawa wajen gano motar da ambaliya ta ci ko inshora ta ce ta wuce gyara, amma ba ya aiki a kan motar da ta girmi 1981, kuma ana kai mota wata jiha a sake mata takarda don a wanke tabon. Wasu jihohin ma ba sa ba tsofaffin motoci takardar mallaka irin ta yanzu, New York alal misali sai daga ƙirar 1973, kuma ɓarayi sun san wannan ƙofa sarai.

Ko da komai ya yi daidai, tambayi wakilin kwastam mai lasisi kafin ka biya, ba bayan mota ta hau ruwa ba. Najeriya ta ƙayyade shekarun motar da ake shigowa da ita, a da 15, daga baya aka rage zuwa 12, motar 1987 kuwa ta wuce nan nesa. A farkon 2017 an kuma hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa. Wanda ya ce maka "bar mini wannan, ina da mutane a fot" ba tare da ya nuna maka a rubuce ta wace hanya za ta fito ba, wata damfarar ce ke jiranka a gaba, da sunan kuɗin fito da kuɗin ajiya da ba sa ƙarewa.

Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira bankinsa a ranar, ya nemi a yi ƙoƙarin tsayar da kuɗin ko dawo da su, don kowace awa tana rage damar. Ya adana hirarrakin, rasit, lambobin waya da adireshin shafin kafin su goge. Ya kai ƙara EFCC, idan asusun da aka tura wa a Amurka yake ya shigar da koke a shafin IC3 na hukumar FBI. Kuma ya shirya, bayan 'yan kwanaki wani zai kira ya ce shi lauya ne ko jami'i, zai ƙwato masa kuɗinsa idan ya biya wani abu kaɗan. Su ne dai suka dawo, kada ya ƙara musu ko kwabo.