Gwajin taya da injin Road Force: abin da na gani

Akori-kurata irin manyan nan ce masu ɗaukar kaya, ajin su F-250 da Ram 2500. Da zarar gudu ya kai kilomita 95 zuwa 110 a awa, sai sitiyari ya kama karkarwa, gaban motar yana ɗan tsalle. An yi mata balansin, an ƙara dalma a rim, abin bai daina ba. Shi ya sa na nemi garejin da ke da injin Road Force na kamfanin Hunter.

Makaniken bai taɓa sifana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. A hannu nake jin rawar ko a kujera? Tana zuwa ne in na taka birki? Tana lafawa in taya ta yi zafi? Kowace amsa da inda take nunawa: rawa lokacin birki yawanci faifan birki ne, ta kujera kan fito daga baya ko farfela (sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya), wadda ke tafiya bayan 'yan kilomita kuwa taya ce da ta kwana a tsaye ta ɗan baje.

Bambancin injin shi ne nauyi. Balansin na yau da kullum yana juya taya ne a iska. Wannan kuwa yana danna mata wani gangan ƙarfe da nauyin da ya kai kusan kilo 570, kamar tana kan kwalta. A nan aka kama tayar gaba ta hagu: nauyinta daidai, amma akwai wuri guda a jikinta da ya fi sauran tauri, duk zagaye sai ya ɗaga motar. Ya sa alli ya yi alama a taya da rim, ya sace iska, ya juya tayar har wurin taurin ya faɗa inda rim ya fi ƙasa. Da ya sake gwadawa, lambar da injin ke nunawa ta sauko a kan idona.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya nan ba. Ya sa na riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, shi yana ƙarƙashi yana duba bushin da tayirod. Ya shafa tayar da tafin hannu ya nuna mini cin da ta yi rami-rami, alamar shokozoba ta gaji. Shokozobar ce tushen tsallen, aka canza ta.

Aikin na cin lokaci, kuma ya fi balansin tsada. Ga tayoyi masu kauri irin namu, na ga ya cancanta. Sai dai wanda motarsa ke girgiza da ƙarfi bayan ta faɗa rami, har sai ya rage gudu sosai girgizar ta tsaya, kada ya dogara da injin nan kaɗai. Wannan ƙafar mota ce ta saki, a fara duba ta kafin a sake hawa babban titi.