Injin niƙa ɗaya ba ya ɗaukar gahawa da kanumfari

Wata uku na yi ina shan gahawa mai warin kanumfari kafin na yarda cewa laifin nawa ne, ba na 'ya'yan gahawar ba. Gahawa zan riƙa cewa a nan, don in na ce kofi sai abin sha ya rikice da mazubinsa.

Ƙaramin injin lantarki na fara saya, irin mai wuƙa a gindi, wanda ake danna murfinsa ya ɗauki kuka. A jikin kwalin an zana 'ya'yan gahawa a gefe ɗaya, masoro da kirfa a ɗaya gefen. Na ce shi ke nan, kuɗi ɗaya aiki biyu. Makon farko lafiya lau. A mako na biyu na niƙa kanumfari cokali biyu, na goge injin da tsumma, washegari na zuba gahawa. Uwargida ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye, ta ce, "Maigida, wannan gahawa ce ko maganin ciwon haƙori?"

Ba ta yi ƙarya ba. Kanumfari cike yake da mai, kusan kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinsa, kuma mafi yawan man nan sinadarin yujinol ne, wanda likitocin haƙori suka daɗe suna amfani da shi. Ba ya tsayawa a saman abu. Yakan kama roba ya shige ta, shi ya sa murfin injina, da yake garau kamar gilashi, ya koma dishi-dishi har yau. Garin gahawa kuwa ba abin da ya kai shi kwasar wari. Ga shi kwanon injin a manne yake da motarsa, babu halin tsoma shi a ruwa a wanke. Na niƙa ɗanyar shinkafa a ciki, ta kwashe maiƙon da ke jikin ƙarfen tas, amma murfin ya ƙi saki. An ce taura biyu ba ta taunuwa, ni sai da na gwada.

Ko da babu batun wari, akwai wata matsalar da ban gane ba sai daga baya. Injin wuƙa ba niƙa yake yi ba, sara yake yi. Wuƙar tana juyawa da gudun tsiya, ƙwayar da ta faɗo gabanta ta sha sara sau goma, wadda ta maƙale a gefe ta tsira da ɗaya. Wata rana na juye abin da na niƙa a rariya na tankaɗe. Ƙasa gari lilis kamar hoda, sama kuwa tsaki-tsaki, har da rabin ƙwaya guda. Idan ruwan zafi ya sauka a kan wannan haɗin, garin mai laushi yakan saki duk abin da ke cikinsa har da ɗacin da ba a so, manyan kuma ruwa bai ratsa su ba, sai su ba da tsami. Sai ka ji ɗaci da tsami a kurɓa guda, ka zaci haka gahawa take. Kuma babu wani maɓallin saiti. Ƙidaya kake yi a zuci, yau daƙiƙa 10, gobe 14, kullum ɗanɗano daban. In ka daɗe kana dannawa don ya yi laushi, garin ya ɗau zafi, ƙamshin ya tashi tun kafin ya ga ruwa.

Daga nan na koma kan injin mai haƙora. Tsarinsa na dutsen niƙa ne: sassa biyu masu zane, ɗaya a tsaye ɗaya yana juyawa, ƙwaya ta faɗa tsakaninsu, ba za ta fita ba sai ta kai girman ratar da ka saita. Ka matse ratar ka samu laushi, ka sassauta ka samu ɓarza. Akwai masu haƙora faifai biyu a kwance, akwai masu kama da mazurari ɗaya cikin ɗaya, kuma wannan na biyun shi ya fi yawa a injinan gida. Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fara ƙera injin niƙa gahawa a 1840, tun kafin ya san zai yi mota, sannan ya fito da na masoro a 1874. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne tun wancan zamanin kowanne da injinsa.

Na hannu na zaɓa, mai haƙoran ƙarfe, kuma shekara guda ke nan da 'yan watanni ina juya shi kowace safiya. Giram 15 nake aunawa don ruwa mililita 250, wato giram 60 a lita, kuma kafin ruwa ya tafasa na gama, bai kai minti ɗaya ba. Yana da wani ɗan zobe a ƙasa mai ƙara ƙas-ƙas idan ana juya shi, kowane ƙas mataki ne na laushi. Na rubuta lambobin a takarda na liƙa a bango: wannan na tacewa da takarda, wancan na tulun gilashi mai matsewa da ake bari minti 4, wanda yake son ɓarza, sai kuma mafi laushi na tukunyar moka, ƙaramar tukunyar dafa gahawa da ake ɗorawa a kan wuta, irin wadda wani mai suna Bialetti ya fito da ita a Italiya a 1933. Ranar farko da na sha gahawar da ya niƙa, 'ya'yan nan dai na jiya ne, daga leda ɗaya, amma sai na ji wani zaƙi-zaƙi a ƙarshen harshe da ban taɓa sanin yana ciki ba.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Ba ya ɗaukar fiye da giram 25 a zubi ɗaya, don haka ranar da baƙi huɗu suka zo sai da kafaɗata ta gaya mini. Gahawar da ba a gasa sosai ba ta fi tauri, hannun yakan cije a tsakiyar juyi. Idan kuma gari lilis kake so irin na gahawar Turkiyya, ko na esfireso, wato gahawa mai ƙarfi da inji ke matsowa, to ka shirya zufa. Mai shan kofi uku huɗu a rana, ko gida mai yawan jama'a, gara ya nemi mai haƙora na lantarki. Baratza Encore, alal misali, yana da matakan saiti 40, kuma shi ake yawan nuna wa masu farawa. Ni ban saya ba, saboda ina tashi kafin kowa, kuma na hannu ba ya tayar da mai barci.

Wanda zai sayi na hannu ya kama sandar tsakiyar ya girgiza ta. In tana rawa, haƙoran ma za su yi rawa, ratar ta buɗe a gefe ɗaya ta rufe a ɗayan, ka dawo gidan jiya. Na taɓa juya wani mai haƙoran tangaran a gidan aboki, ba ya tsatsa kuma ana wanke shi, amma ya fi nawa jan lokaci nesa ba kusa ba, kuma tangaran na iya ɓantarewa idan ɗan tsakuwa ya biyo cikin 'ya'yan. Na ƙarfe kuma ba ya son ruwa, buroshi busasshe ya ishe shi. Shinkafar da ta yi mini amfani a injin wuƙa ban kusantar da ita nan ba, ta fi gahawa tauri, tana iya wahalar da haƙoran. Akwai kuma fitinar garin da ke mannewa a jikin mazubi yana tarwatsewa, musamman idan iska ta bushe. Maganinta ɗigon ruwa ɗaya: ka jiƙa bakin cokali ka juya 'ya'yan da shi kafin ka zuba.

Tsohon injin fa? Ban yar ba. Ashe wurinsa na samo masa. A kayan ƙamshi rashin daidaiton nan ba ya cutarwa, domin za ka tankaɗe ka mayar da tsakin, kuma a nan wuƙa ta fi haƙora. Busasshiyar citta, kirfa da kurkum suna da tauri da zare-zare, in suka shiga tsakanin haƙora sai su cushe, masu maiƙo kuma su liƙe ramukan. Wuƙa ba ruwanta. Abin da na koya kawai shi ne in fara farfasa masu taurin a ƙaramin turmi, in ɗan gasa irin su masoro a busasshen kasko in bari su huce sarai, sannan in riƙa dannawa ina saki ina girgiza injin, ba in danne shi tiryan-tiryan ba. Ƙasa da cokali ɗaya kuwa ɓata lokaci ne, wuƙar tana wucewa ta samansa, turmi ya fi sauri. Kurkum yakan rina duk robar da ya taɓa, wannan ba gyara.

Da yau zan sake sayen na kayan ƙamshi, mai kwanon ƙarfe da ake cirewa a wanke zan nema, in da hali mai kwano biyu. Kuma zan juya gindinsa in karanta ƙarfin wutar da yake ɗauka, musamman in ta intanet aka yi odarsa, tunda na Amurka bolt 120 ne, ƙasashe da dama kuwa 220 zuwa 240 suke ba da wa.

Yanzu su biyun suna zaune a kanta ɗaya, an raba musu gefe. Mai dishi-dishin murfi na uwargida ne, ta ma ɗaura masa jan zare don kada wani ya yi kuskure. Jiya na buɗe shi don in ɗan niƙa masoro, kanumfarin bara ya tare ni tun daga bakin murfi.