Tauraron Ɗan Adam ko Malamin Daji: Wa Zai Sa Ido Kan Saran Daji a Bauchi?

Idan gwamnati na son sanin faɗin dajin da ake sharewa a kewayen gandun namun daji na Yankari da na Lame-Burra, hanyoyi biyu ne a gabanta. Tauraron Sentinel-2, wanda Turai ta fara harbawa a 2015, yana ɗaukar hoton wuri guda kusan kowane kwana 5, kuma hotunansa kyauta ne, saboda haka ana iya gwada na bara da na bana a ga inda gona ta cinye daji ba tare da wani ya murɗe lissafi ba. Sai dai gajimaren damina na rufe masa ido, kuma da wuya ya gane kirya ɗaya da aka kayar domin gawayi.

Malamin daji kuwa yana ganin ɗanyen kututture da idonsa, yana jin ƙaurin ramin gawayi, ya kuma san hanyar da motar buhuna ke bi da asuba. Abin da ke ɗaure masa hannu shi ne rashin babur da man fetur, wani lokaci kuma kunyar ɗan garinsu. Abin takaici ne a bar shi haka, domin hoton da ba a tura mutum ya tabbatar ba a kwamfutar ofis yake ƙarewa.